Sabuwar Akori-kura a Ƙofar Garejina

Da hantsi ta iso, ba ta yi sallama ba,
ba tari, ba gyaran murya,
inuwarta kawai muka ga ta hau teburin mai shayi.
Kalla ya ajiye kofi bai kurɓa ba,
yarana suka bar sifana cikin ƙasa.

Fara ce, amma ba farin alli ba,
farin nonon da ya kwana a ƙwarya.
Ledar kujerunta ma ba a yage ba.

Kalla ya zagaya ta sau biyu, ya ja tsaki:
"Ku dubi goshin nan!
An ɗaure mata fuska kamar mai bin bashi.
Hanci ya cinye rabin gaba,
fitilu 'yan siri-siri,
idon wanda aka tasa daga barcin azahar.
Motar da na sani idonta zuru-zuru,
ta dube ka, ka dube ta, ku yi amana."

Tsalha ya ce: "Tsufa ne ke damunka.
Wannan ƙirji ne, ƙirjin ɗan kokowa
ranar da aka miƙa masa takobi.
Dubi kafaɗun taya. Dubi tsayin ciki daga ƙasa.
Rairayin Dakoro sai dai ya gaishe ta daga nesa."

Muka roƙi direba, Mati ɗan Jiratawa,
ya ɗaga murfin inji yana taƙama
kamar shi ya haife ta.
Muka ƙirga. Muka sake ƙirgawa.
Silinda huɗu.

"Huɗu?" in ji Kalla. "Ina sauran biyun?
Uwarta shida gare ta, ta hau tudun Tibiri da shanu uku."
"Wannan tana da turbo."
"Turbo ai iska ce. Wa ya taɓa ƙoshi da iska?"
"Iskar ce ta kai surukinka Makka."
Mai shayi ya yi dariya har madara ta zube.

Aka shiga batun gazuwal na kwalba,
na bakin hanyar Ɗan Isa, mai ruwa-ruwa.
Wani ya ce za ta sha ta gode,
wani ya ce kwana uku za ta kwanta da ciwon ciki.
Cikinmu ba mai kuɗin madubinta na dama,
amma mun sayar, mun saya, mun canza mata fenti.

Ni Nomau, ban ce uffan ba.
Shekara talatin da ɗaya kunnena ke ciyar da gidana.
Na ɗora bakin ƙarfe a jikin inji,
ɗaya bakin a kunnena, na rufe ido,
kamar yadda nake yi wa kowace mota.
Tsoffin sukan faɗa mini inda ke musu zafi.
Wannan numfashi kawai take, lif-lif,
cikin baƙar rigarta ta roba.
Mati ya ce in ta yi ciwo, na'ura take gaya wa,
na'urar kuma tana Yamai.

Na goge hannuna da tsumma, ko da yake bai ɓaci ba.

Sai ga mai ita ta fito daga lungun 'yan aya,
Hajiya Tsahara, lissafi a bakin zane.
Ba ta dubi goshi ba, ba ta tambayi silinda ba.
Ta buga bayan akorin da tafin hannu:
"Mati, buhu nawa?"
"Goma sha biyu, Hajiya."
"Sa sha biyar. Da jan bunsurun nan."

Bunsuru ya hau yana turjiya,
ƙahonsa ya ja layi a farin fenti,
tsawon ɗan yatsa.
Tsalha ya dafe kai.
Kalla ya ɗauki kofinsa da ya huce, ya ce:
"Yanzu ta fara kama da mota."

Ta tashi, ba ƙara, ta nufi hanyar Madarunfa.
Na bi ta da kunne har kwanar kasuwa.
Kukan bunsurun kawai na ji.